Sauya Faifan Kwamfuta da Ya Fara Lalacewa Ba Tare da Rasa Abin da Ke Cikinsa Ba

Kowace kwamfuta tana da faifan ajiya guda ɗaya da take tashi da shi. A cikinsa babbar manhaja take zaune, ko Windows ce ko Linux ko macOS, tare da sauran manhajojin da aka loda, da saitin mai kwamfutar, da direbobin firinta da na sauti, da kalmomin sirrin da burauza ta adana, galibi har da takardu da hotuna. Idan wannan faifai ya fara lalacewa, ayyuka biyu ne ke gaban mai shi. Na farko sanya sabon faifai, wanda bai wuce kwance 'yan sukurori ba. Na biyu kwashe abin da ke cikin tsohon kafin ya daina amsawa, kuma a nan wahalar take. Faifan da ya kamu yana da ragowar ƙarfi mai iyaka, kowane karatu da aka yi masa yana rage wannan ƙarfi, don haka abin da aka fara ɗauka da abin da aka bari sai daga baya su ke yanke yawan abin da zai tsira.

Yadda faifai ke mutuwa

Faifan ajiya iri biyu ne a kasuwa. Tsohon samfuri, HDD, yana da faranti masu maganaɗisu da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wata allura da ke shawagi a kansu tana karatu da rubutu ba tare da ta taɓa su ba. Tazarar da ke tsakanin allurar da farantin ta fi kaurin silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, shi ya sa faɗuwar laftof daga kan tebur tana kunne kan sa allurar ta karce farantin. Irin wannan faifai yakan yi jinya kafin ya mutu. Kwamfuta za ta riƙa jinkirin tashi, ta daskare idan an buɗe wata folda, fayil ya ƙi kwafuwa ya tsaya a wuri ɗaya kullum, wani lokaci a ji ƙas-ƙas daga ciki.

Sabon samfuri, SSD, ba shi da abin da ke motsi. Yana ajiye bayanai a ƙwayoyin lantarki waɗanda kowane rubutu ke ɗan cinye su, amma ba kasafai ƙarewar ƙwayoyin ke kashe shi ba. An fi samun ɗan guntun da ke sarrafa su ya lalace, wani lokaci sakamakon ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu. Mutuwarsa takan zo bagatatan. Wasu kan kulle kansu su koma na karatu kawai idan sun ga ƙarshe ya zo, kuma wannan dama ce ta kwashe kaya wadda ba a wasa da ita.

Duka samfuran biyu suna ɗauke da wani tsarin duba lafiyar kai mai suna SMART, wanda ke ƙirga matsalolin da faifai ya ci karo da su. Ana karanta shi da CrystalDiskInfo a Windows, ko smartctl a Linux. A faifan HDD lambobi uku suka fi muhimmanci: ta 5, wadda ke ƙirga guraben da suka lalace aka maye su da na ajiya, ta 197, guraben da suka ƙi karantuwa ana jiran a ga makomarsu, da ta 198, waɗanda suka gagara gyaruwa. Idan waɗannan lambobi sun tashi daga sifili, musamman idan suna ƙaruwa daga mako zuwa mako, faifan ya kama hanya. A shekarar 2007 injiniyoyin Google sun wallafa bincike kan faifai sama da 100,000 na cibiyoyinsu, inda suka gano cewa faifan da aka samu kuskuren farko a farantinsa ya ninka sauran sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Amma binciken ya kuma nuna cewa sama da kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su ba da wata alama a SMART ba. Ke nan gargaɗinsa abin ɗauka ne da gaske, shirunsa kuwa ba shaidar lafiya ba ce.

Abin da ake fara cirewa

Da zarar an tabbatar faifai ya kamu, sai a daina aikin yau da kullum a kan kwamfutar. Akwai kuma abubuwan da mutane ke garzayawa su yi da niyyar gyara, alhali ƙara wa faifan nauyi suke yi. Umarnin chkdsk mai binciken kowane gurbi, da manhajar jera fayiloli, da cikakken binciken bairos, duk suna tilasta wa allura ta bi farantin daga farko zuwa ƙarshe tana nanata karatu a wuraren da suka ji rauni. Shawarar nan ta sanya faifai cikin firji ma ta daɗe tana yawo, kuma raɓar da ke taruwa a kansa bayan an fito da shi kan ƙara ɓarna. Lamarin kamar na igiyar guga ce da ta fara tsinkewa: ba a san ja nawa ya rage mata ba, don haka ruwan sha ake fara ɗebowa.

Abu na farko da ake nema ba ma fayil ba ne, mabuɗi ne. Kwamfutoci da yawa masu Windows 10 da 11 suna zuwa da faifansu a kulle da BitLocker ba tare da mai su ya sani ba, domin kullewar kan kunna kanta idan an shiga da asusun Microsoft. Muddin faifan yana cikin kwamfutarsa, wani guntu da ke kan babban allo mai suna TPM yana buɗe shi a ɓoye duk lokacin tashi. Ranar da aka cire shi aka jona a wata kwamfuta, ko aka taɓa tsarin tashi, sai ya nemi mabuɗin ceto mai lambobi 48. Wanda ba shi da su ya rasa bayanansa ko da faifan lafiyarsa ƙalau, kuma babu mai gyaran da zai iya fasa wannan kulle. Ana samun lambobin a shafin asusun Microsoft na mai kwamfutar, ko a wurin jami'in kwamfuta idan ta ofis ce, ko ta umarnin manage-bde -protectors -get C: muddin Windows tana tashi. A rubuta su a takarda. Kafin kwafi kuma ana dakatar da kariyar ne na ɗan lokaci; cire kullen gaba ɗaya yana sake rubuta duk faifan, aikin da marar lafiya ba zai ɗauka ba.

Bayan mabuɗi sai fayilolin da ba su da madadi: takardun aiki, hotunan iyali, kundin lissafin shago, sakamakon jarrabawar ɗalibai. Ana kwashe su zuwa faifan waje kaɗan-kaɗan, mafi muhimmanci a gaba. Fina-finai da waƙoƙin da za a iya sake saukowa su jira.

Daga nan sai bayanan da ido ba ya gani. A Windows akwai ɓoyayyiyar folda mai suna AppData a ƙarƙashin sunan kowane mai amfani, inda manhajoji ke ajiye saitinsu. Wasiƙun Outlook na tsohon tsari suna cikin fayil mai ƙarshen PST. Manhajojin lissafi na shagunan magani da makarantu sukan ɓoye kundinsu a cikin foldar da aka loda su, wurin da mai kwafe Documents da Desktop kaɗai ba zai leƙa ba. Kalmomin sirrin da Chrome ko Edge suka adana suna ɗaure da asusun Windows na wannan kwamfuta, don haka kwafe foldarsu zuwa sabuwar Windows ba ya buɗe su. Sai an fitar da su daga cikin burauzar, ko an kunna daidaita su da asusun intanet. Umarnin netsh wlan export profile key=clear yana fitar da sunaye da kalmomin sirrin Wi-Fi, shi kuma pnputil /export-driver yana tattara direbobin na'ura wuri ɗaya. Wannan na ƙarshe yana da amfani sosai ga masu tsofaffin laftof na gwanjo da tsofaffin firintoci, waɗanda kamfanoninsu suka daɗe da cire direbobinsu daga intanet.

Abin da ke sa faifai ya tashi

Kwafe duk fayilolin da ke cikin C, yankin faifan da Windows take zaune, zuwa sabon faifai ba ya sa kwamfuta ta tashi, saboda abin da ke tayar da ita yana wajen C. A tsohon tsari, wanda ya fara tun 1983, gurbin farko na faifai mai bayit 512 shi ne MBR: bayit 446 na umarnin tashi, 64 na taswirar yankunan faifan. Wannan tsari ba ya ɗaukar manyan yankuna fiye da huɗu, kuma ba ya ganin abin da ya wuce kimanin terabayit 2. Sabon tsari, GPT, wanda ke tafiya da UEFI, manhajar tashi da ke kan babban allon sababbin kwamfutoci, yana ajiye taswirarsa a farkon faifai da kwafinta a ƙarshensa, kuma yana ware ƙaramin yanki, sau da yawa megabayit 100 a Windows, inda fayilolin tashi suke. Ban da shi akwai wani na megabayit 16 da Microsoft ke keɓewa, da yankin gyara da ake shiga idan Windows ta ƙi tashi. Ba ɗayansu da ke bayyana a jerin faifan da mai amfani ke gani, amma idan aka bar na tashin a baya, sabon faifai zai cika da fayiloli kwamfuta kuwa ta ce ba ta ga abin tashi ba.

Saboda haka hanyoyin ƙaura uku ne. Akwai kwafin faifai ɗungurungum kai tsaye zuwa sabo, wanda masu gyara ke kira kilonin. Akwai naɗe faifan cikin babban fayil guda a ajiye a faifan waje, daga baya a warware shi a kan sabon. Akwai kuma loda sabuwar babbar manhaja a mayar da fayiloli da hannu. Ta biyu ta fi aminci ga faifan da ya kamu, domin sau ɗaya ake wahalar da shi, duk wani gwaji da kuskure kuma a kan kwafin ake yi. Ta uku ta fi cin lokaci amma ta fi tsabta, kuma ita ce mafita idan ɓarnar ta taɓa fayilolin Windows kanta, tunda kwafi yana ɗauko ɓarna yadda ya same ta.

Idan faifan bai yi nisa ba, manhajojin kwafi na yau da kullum sun isa. Clonezilla kyauta ce, daga wata cibiyar bincike ta Taiwan ta fito, ana tayar da kwamfuta da ita daga filash, kuma wuraren da ke da bayanai kaɗai take kwafewa. Rescuezilla tana yin aiki irin nata da fuska mai sauƙin fahimta. Kamfanoni irin su Samsung da Crucial da Western Digital suna ba masu sayen faifansu manhajar ƙaura. Matsalar ita ce yawancin waɗannan an gina su ne don lafiyayyen faifai. Idan suka ci karo da gurbin da ya ƙi karantuwa, wasu kan tsaya cak su soke aikin, wasu kuma su tsaya a wurin suna nanatawa har faifan ya yi zafi ya ɗauke.

Don irin wannan hali aka rubuta GNU ddrescue, wadda ke zuwa cikin filash na ceto irin SystemRescue. Dabararta ita ce ɗaukar mai sauƙi tukuna. A zagayen farko tana kwafe manyan wurare masu lafiya da sauri, idan ta ci karo da wuri mai gardama sai ta tsallake shi ta yi gaba. Sai bayan ta gama da mai yawan take dawowa, ta matso gefen kowane wuri da ya lalace daga gaba da baya, sannan ta bi abin da ya rage gurbi-gurbi. Ko da faifan ya mutu ana tsakiyar aiki, an riga an ceci mafi yawansa. Tana kuma rubuta wani ƙaramin fayil na taswira da ke nuna inda aka kwafe, da inda aka tsallake, da inda ya gagara. Amfanin wannan taswira ya fi fitowa a wuraren da wuta ba ta da tabbas: idan aka ɗauke ta bayan awa shida ana aiki, ddrescue za ta ci gaba daga inda ta tsaya maimakon komawa farko. Duk da haka katsewar wuta kan iya ƙarasa faifan da ke tangal-tangal, don haka ana yin aikin ne da cikakken batir ko inbata ko UPS, a wuri mai iska.

Haɗarin da ke tattare da wannan manhaja da ire-irenta shi ne ba sa tambaya sau biyu. A Linux sunayen faifai su ne sda da sdb da makamantansu, kuma suna iya musanyawa daga tashi zuwa tashi. Wanda ya juya su ya kwafe sabon faifai marar komai a kan tsohon ya shafe abin da ya zo ceto. Ana tantance kowane faifai da girmansa da lambar jikinsa kafin a danna komai. Game da lokaci kuwa, gigabayit 500 ta tsohuwar kafar USB 2.0 kan ɗauki sama da awa huɗu ko da faifan lafiyayye ne, marar lafiya kuma yana iya cin kwanaki.

Akwai matakin da manhaja ba ta da abin yi. Faifan da ke ƙas-ƙas ba tsayawa, ko wanda ba ya juyawa sam, ko wanda kwamfuta ba ta ganinsa, matsalarsa ta ƙarfe ce. Kowane kunnawa na iya ƙara karce farantin. Irin wannan sai kamfanonin ceton bayanai masu ɗakin da ba ƙura, kuma kuɗinsu ya ninka na sabon faifai sau da yawa. Buɗe murfinsa a kan teburin shago yana kashe ragowar damar da ke akwai.

Sabon faifan

Dole sabon ya dace da mazaunin tsohon. Tsofaffin laftof suna ɗaukar faifan SATA mai inci 2.5, kuma SSD mai wannan siffa yana shiga wurin HDD daidai. Wannan sauyi shi ne mafi arhar hanyar da tsohuwar kwamfuta ke samun sauri. Sababbi suna da kafar M.2, wadda ake soka ɗan siririn kati a ciki, galibi mai faɗin milimita 22 da tsawon 80. Sai dai katin M.2 iri biyu ne, na SATA da na NVMe, kamanninsu kusan ɗaya, kuma ba kowace kwamfuta ke karɓar duka biyun ba. Littafin na'urar ne ke faɗa.

Girma ma yana da tarko. Faifan da aka rubuta wa gigabayit 480 ya fi na 500 ƙanƙanta, na 500 kuma bai kai na 512 ba, kuma kwafi na gurbi-da-gurbi yana buƙatar sabon ya kai tsohon ko ya fi shi, ko da rabin tsohon babu komai. Matse yankin Windows don ya shiga ƙaramin faifai yana yiwuwa, amma a kan kwafi ake yinsa. Wanda ya sayi faifan hannu ya duba SMART ɗinsa tun a shago, domin yana nuna awannin da ya yi yana aiki. Akwai kuma na jabu da ke nuna girman da ba su da shi. H2testw a Windows ko F3 a Linux suna cika faifai da bayanai su sake karantawa don tona irin wannan.

Wajen sauyawa ana kashe kwamfuta gaba ɗaya, a zare caja, a cire batir ko a zare wayarsa idan na ciki ne. A lokacin hunturu, da iska ke bushewa, jiki yana tara lantarkin da kan yi tartsatsi idan an taɓa ƙarfe, kuma ɗan wannan ya isa ya lalata guntun lantarki. Taɓa wani ƙarfe babba kafin a kama faifan, da riƙe shi ta gefe, suna rage haɗarin.

Tashin farko

Ana tayar da kwamfuta karon farko da sabon faifan shi kaɗai. Kwafi yana ɗauko har lambar shaidar tsohon, kuma idan Windows ta ga faifai biyu masu lamba ɗaya takan ajiye ɗaya gefe. Idan aka tilasta mata buɗe shi sai ta sauya masa lamba, tsarin tashinsa ya rikice.

Idan ta ƙi tashi, dalilan da aka fi samu kaɗan ne. Wani lokaci jerin tashi da ke cikin BIOS, wato saitin babban allo, shi ke nuna tsohon faifai. Wani lokaci faifan GPT ne aka bar kwamfuta a tsohon tsarin tashi, ko akasin haka. Shuɗin allo mai rubutun INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE yakan fito idan an ƙaura daga SATA zuwa NVMe, ko an sauya saitin AHCI da RAID, saboda Windows ba ta loda direban da ya dace ba. Shiga yanayin Safe Mode sau ɗaya kan warware shi a lokuta da dama. Idan fayilolin tashi ne suka lalace, ana tayar da kwamfuta da filash na Windows, wanda gigabayit 8 ya isa a haɗa shi, a yi amfani da gyaran tashi ko umarnin bcdboot ya sake rubuta su. A Linux ana duba cewa lambobin UUID da ke cikin fayil ɗin fstab sun yi daidai da na sabon faifan, a sake dasa manhajar tashi ta GRUB idan da buƙata.

Lasisin Windows ba ya cikin abin damuwa a mafi yawan lokuta, domin yana ɗaure da babban allon kwamfuta ne, kuma tun daga Windows 8 kamfanoni ke dasa mabuɗin a cikin allon. Wasu manhajojin kuɗi kuwa suna kallon lambar faifai, za su nemi a sake kunna su, shi ya sa ake tattara lambobin lasisinsu tun kafin a fara. Bayan tashi ana gudanar da sfc /scannow don Windows ta binciki fayilolinta, a buɗe muhimman takardu ɗaya-ɗaya a tabbatar suna karantuwa, a faɗaɗa yankin C idan sabon faifan ya fi girma, sannan a mayar da kariyar BitLocker. Yanzu ne lokacin chkdsk, a kan sabon faifan.

Kwamfutocin Apple na zamani daban suke. A laftof ɗinsu ma'ajiyar a manne take da allo, kuma a kulle take da guntun na'urar, don haka ba a cire ta a gida. Abin dogaro a nan shi ne ajiyar Time Machine da aka yi tun kafin matsala, wadda ake mayarwa da Migration Assistant bayan gyara.

Tsohon faifan ana ajiye shi makonni kaɗan ba tare da an taɓa shi ba, domin fayil ɗin da aka manta yakan bayyana ne ranar da aka neme shi. Bayan haka ba a sayar da shi ko a bar wa mai gyara haka nan. A faifan HDD fomatin gaggawa taswira kawai yake gogewa, bayanan suna nan, kuma manhajar ceto ta kyauta tana iya dawo da hotuna da takardun banki daga ciki. Idan faifan yana amsawa, ana rubuta sifili a kansa daga farko zuwa ƙarshe, SSD kuma a yi masa gogewar da manhajar kamfaninsa ke bayarwa. Idan ba ya amsawa, ana huda farantan HDD da injin huji a wurare da dama, SSD kuma a farfasa ƙwayoyin ajiyarsa ɗaya bayan ɗaya.